Yadda ake ɗibar ƙululun fayinil na ɓera ba tare da haske ya ɓata gwaji ba

Ƙululun fayinil, wato ɗan ƙaramin ƙululu a ƙwaƙwalwa da ke samar da sinadarin melatonin da dare, ba ya ganin haske da kansa a jikin ɓera. Ido ne ke kai saƙo ga agogon ƙwaƙwalwa, wato SCN, daga nan saƙon ya bi ta jijiyoyin wuya. Da dare jijiyoyin suna sakin sinadarin norefinefirin, shi ke kunna ƙwayar gado ta Aanat, wadda saƙonta na RNA ke ninkuwa fiye da sau 100, sai a samu melatonin.

A fara da ajiye ɓerayen mako 2 a ɗaki mai awa 12 na haske da awa 12 na duhu. A ɗebi rukunin rana awa 6 zuwa 7 bayan kunna fitila, na dare kuma a tsakiyar duhu.

A nan ne aka fi yin ɓarna. Da dare, jar fitila mai rauni kaɗai ake amfani da ita. Hasken waya, ko wanda ke shigowa ta ƙasan ƙofa, ya isa ya ɓata gwajin. Farin haske na tsayar da norefinefirin, sinadarin AANAT, wanda ƙwayar gadon ke samarwa domin haɗa melatonin, ya fara rushewa, ƙarfinsa ya ragu da rabi cikin minti 3 zuwa 4. RNA ɗin kuwa ba ya sauka da wannan saurin, shi ya sa ma'aunin ƙarfin AANAT da na RNA kan saɓa wa juna, mai gwaji ya zaci na'ura ce ta yi kuskure.

Da an ciro ƙululun, a daskarar da shi nan take a kan busasshiyar ƙanƙara, a adana a awo 80 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius.