Yadda Mai Sarrafa Tallan Intanet Zai Karanta Takardar Albashinsa

Masu sarrafa tallan da ake biya a Facebook, Instagram, Google da TikTok sun ƙware wajen bin diddigin kowace naira da abokin ciniki ya kashe. Amma da yawansu in albashi ya shigo, alat kawai suke dubawa su rufe waya. Wannan yana damuna, domin kuɗin da ake cirewa a albashinka haƙƙinka ne, kuma kowane kwabo yana da inda doka ta ce ya je. Ga yadda za ka bi shi a Najeriya, a ƙarƙashin sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026.

Mataki na farko, nemi takardar kanta. Idan kamfaninku ba ya bayarwa, ka roƙa a rubuce, cikin ladabi. In ta zo, ajiye ta gefe da takardar ɗaukarka aiki, ka duba ko adadin da aka yi maka alkawari jimillar albashi ce kafin cire komai, ko kuwa abin da zai shigo hannunka. Yawancin rigingimun ƙarshen wata daga nan suke tashi.

Na biyu, rarrabe sassan albashin: ainihin albashi, alawus ɗin gida, na sufuri, sai sauran irin kuɗin data da ladan ƙwazo. Rabon nan yana da muhimmanci saboda fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya ɗora kashi 10 daga aljihunsa, kuma mafi ƙarancin abin da ake lissafawa a kai shi ne ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Idan an ƙanƙantar da waɗannan ukun aka kumbura sauran alawus, yau za ka ga kuɗi a hannu, asusun tsufanka ne zai rame.

Na uku, yi lissafin harajin PAYE, wato harajin da kamfani ke cirewa daga albashi kowane wata, da kanka. Nan ne ya kamata ka zauna da biro da takarda. Ana lissafa shi ne a kan kuɗin shekara, hawa-hawa. Naira 800,000 na farko babu haraji. Miliyan 2.2 da ke biye, kashi 15. Miliyan 9 na gaba, kashi 18. Sai miliyan 13 a kashi 21, miliyan 25 a kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Tsohon rangwamen bai-ɗaya da ake yi wa kowane ma'aikaci kafin a lissafa haraji ya tafi, an kawo rangwamen haya a madadinsa: kashi 20 na kuɗin hayar da ka biya a shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba.

Mu ɗauki misali. A ce kana karɓar naira 400,000 a wata: ainihin albashi 200,000, gida 100,000, sufuri 60,000, sauran alawus 40,000. Fanshonka kashi 8 na 360,000 ne, wato 28,800 a wata, 345,600 a shekara. Idan hayar gidanka 600,000 ce, rangwamenka 120,000. Cire waɗannan biyun daga albashin shekara, 4,800,000, saura 4,334,400. A ciki 800,000 sun tsira, miliyan 2.2 sun ba da 330,000, ragowar 1,334,400 a kashi 18 sun ba da 240,192. Jimilla 570,192 a shekara, 47,516 ke nan a wata. Abin da ya kamata ya shigo asusunka shi ne 323,684. Rangwamen hayar nan ba ya zuwa da kansa. Sai ka kai wa ma'aikatan lissafin kamfaninku rasit da yarjejeniyar haya, in ba haka ba za ka biya harajin da ba a bin ka.

A wannan sana'a ana yawan ba da kamasho ko ladan ƙwazo idan talla ta kawo ciniki. Shi ma ana cire masa haraji, kuma tun da yana hawa ne a saman albashinka, hawan da ya fi tsada yake faɗawa. A misalin nan, ladan naira 100,000 zai bar 18,000 wurin hukuma. Ba cuta ba ce, haka lissafin yake.

Na huɗu, duba sauran abubuwan da aka cire. Asusun gidaje na NHF kashi 2.5 ne na albashi, kuma tun 2023 zaɓi ne ga ma'aikacin kamfani mai zaman kansa. Kuɗin NSITF (asusun diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki) da na ITF (asusun horar da ma'aikata) kuwa nauyin kamfani ne, bai kamata ka gan su a layin abin da aka zare maka ba.

Na biyar, bi sawun kuɗin. Cirewa daban, kaiwa daban. Dole kamfani ya tura fanshonka cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi, don haka buɗe manhajar kamfanin fanshonka ka ga ko kason biyu sun shiga. Idan ka yi magana ba a gyara ba, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, tana karɓar ƙorafi. Harajin PAYE kuma na jihar da kake zaune ne, ba inda hedikwatar kamfani take ba. Mutum yana Kano yana yi wa kamfanin Legas aiki daga ɗakinsa, to harajinsa na hukumar tara kuɗin shiga ta Kano ne. Ka tabbata kamfanin ya san inda kake, domin ranar da za ka nemi takardar shaidar biyan haraji, a jiharka za a duba.

Na shida, kuma shi ne ya fi shafar masu wannan aiki: kada kuɗin talla ya gauraya da naka. Abokin ciniki ya turo miliyan 2 asusunka don ka biya Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ladanka a ciki 200,000 kacal, amma bayanan banki za su nuna miliyan 2 ce ta shigo. In zai yiwu, a ɗaura katin abokin cinikin a asusun tallar. In ba zai yiwu ba, buɗe asusu na daban, ka sauke rasit ɗin kowane wata, ka raba kuɗin talla da ladan aikinka a takardar neman biya. Ka kuma sanar da shi tun farko cewa Meta tana ɗora harajin VAT, wato harajin sayen kaya da hidima, na kashi 7.5 a kan tallan Najeriya tun Janairun 2022, don kada ya zama kai ne mai cike giɓin.

Idan ba ma'aikaci ba ne kai, kwangila kake yi, babu PAYE a kanka. Kamfanin da ka yi wa aiki zai iya riƙe kashi 5 na ladanka ya miƙa wa hukuma da sunanka. Karɓi takardar shaidar hakan, domin za a rage shi daga harajinka na shekara. Abin da kake samu da dala daga ƙasashen waje ma yana cikin lissafi matuƙar a Najeriya kake zaune, kuma ana miƙa bayanan kuɗin shigar shekarar da ta wuce zuwa ranar 31 ga Maris.