Darasi na 9: Gane Sawun Namun Daji Tsakanin Kurmi da Gona

A yawancin ƙauyukanmu daji ya riga ya zama gona, abin da ya rage sai ɗan kurmi a bakin rafi, da duwatsun da garma ba ta iya shiga, da shingen da ya raba gona da gona. Ko a gefen dajin Falgore na Jihar Kano gonaki sun matso har bakin daji. Zaki da damisa ba sa iya zama a ɗan wuri irin wannan, amma dila da juda da tunku da muzurun daji suna nan tare da mu. Galibinsu da rana suna kwance cikin kurmi, da dare su bi shinge ko gefen rafi su shiga gona neman ɓera da gafiya da fara, kafin gari ya waye su koma.

Da yamma, kafin magariba, ku je hanyar da ta fito daga kurmi ta nufi gona, ku share wuri mai yashi kamar taku 2, ku yayyafa masa ruwa kaɗan, ku daidaita shi da tsintsiya. Da sassafe ku koma kafin shanu su bi ta kai. Kada ku taka wurin. Ku tsuguna a gefe, rana tana gabanku, domin inuwa ce take fito da sawu.

Kowane sawu yana da tafi babba a baya da yatsu a gaba, kuma inda yatsu suka fuskanta can dabbar ta nufa. To, a nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Kafin ku ambaci sunan dabba, ku fara neman farce. Farce shi ne ɗan ramin da yake gaban kowane yatsa, kamar an soka tsinke a ƙasa. Idan kun ga yatsu 4 babu ramin farce, dangin kyanwa ne, domin kyanwa tana janye farcenta idan tana tafiya. Idan akwai ramin farce, to ko dila ne, ko juda, ko tunku, ko ma karen gari. Sawun dila ya fi tsawo da siranta, na juda ya fi kewaya, na tunku ƙarami ne da dogayen farata.

Ku sake duba farce. Wanda bai gani ba da farko kada ya karaya, ya matsa gefe ya sauya inda ya tsuguna, ya duba sawu na biyu da na uku, domin busasshen yashi yakan cike ramin. Ba laifi ba ne mutum ya rubuta "ban gane ba" a littafinsa, gobe ma rana ce.

Amma iyayena da yayyena, akwai abin da ba zan yi shiru a kansa ba. Wasu daga tsaye suke cewa dila ne, ko tsugunawa ba su yi ba, don kawai an taɓa ɗauke musu kaza. Wannan gaggawa ita take sa a cinna wa kurmi wuta a kan laifin da wataƙila na karen maƙwabci ne, bayan haka kuma ɓera ya samu sarari ya cinye hatsi. Farce tukuna, sannan suna. Wanda ya rubuta suna bai duba farce ba, ya goge ya koma bakin rafi.

Darasi na 10: Kashin dabba

Juda tana da wuri ɗaya da take komawa ta yi kashi, sau da yawa a gefen hanya. Ku tona da kara, kada ku taɓa da hannu. Za ku iya ganin ƙwallon 'ya'yan itace da gashin ɓera da ɓawon ƙwari. Ku rubuta abin da kuka gani.

Darasi na 11: Aikin gida

Ku ja layi 3 a littafi, ku rubuta rana da wuri da irin sawu, har mako guda. Kowace magariba a rufe akurkin kaji, a toshe ramukan da ke ƙasansa. Ku zo da littafin ranar aji.