In ka samu bizar Birtaniya, ga yadda za ka zauna da mutanensu

Yaranmu na Garwa da Marwa da Ngaundere yanzu da yawa sun fara neman karatu a Ingila ba Faransa kawai ba, toh amma mu da muka saba da bature mai Faransanci sai mu ɗauka duk turawa ɗaya ne, wallahi ba haka ba ne. Farko dai ka san ƙasa huɗu ce a haɗe, Ingila da Sikotland da Wales da Arewacin Ireland, duk ƙarƙashin sarki Charles na uku da ya hau a 2022 bayan rasuwar mahaifiyarsa. Kar ka kuskura ka ce wa mutumin Glasgow ta Sikotland ɗan Ingila, ransa zai ɓaci. Kuɗinsu fam ne, yuro ɗin da ka canjo da sefarka ba ta sayen ko biredi a can.

Abin da ya fi ba mutanenmu wahala ba sanyi ba ne, zumunci ne. Mu nan ka yi sallama ka shiga gidan mutum, a shimfiɗa maka tabarma, a kawo ruwa, ka zauna har la'asar babu wanda zai tambaye ka me ya kawo ka. Can kuwa sai ka kira ko ka tura saƙo tukuna, a sa rana a sa lokaci, ko da maƙwabcinka ne. In an ce ƙarfe bakwai toh bakwai ɗin ake nufi, in ka ga za ka makara ko da minti goma ne ka faɗa. Gaisuwa ma gajera ce, ba ina gajiya ina iyali ya zafi, in ya ce kana lafiya kai dai ka ce lafiya ƙalau kai fa, shikenan kowa ya kama gabansa, ba wai yana son jin labarin ciwon bayanka ba ne. Kuma ba ƙiyayya ba ce fa, a wurinsu barin mutum ya sha iska shi ne ladabi. Kar ka tambayi albashi, kar ka tambayi mace shekarunta ko me ya sa ba ta yi aure ba. In hira ta ƙare maka ka kawo zancen ruwan sama, nan kam bakinsu zai buɗe.

Layi kuma, dan Allah ka bi layi. A kanti, a tashar bas, ko'ina. In ka tsallake ba mai zaginka, kallo kawai za su bi ka da shi. Kuma ka yawaita na gode da yi haƙuri, su ko kai ka taka mutum sai ka ji shi ma yana ba ka haƙuri.

Titi ka yi hankali sosai, su a hagu suke tuƙi ba dama irin namu na Kamaru da Chadi ba, saboda haka in za ka tsallaka dama za ka fara dubawa. Bas ɗin Landan ba sa karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai katin Oyster, wato katin biyan kuɗin mota na Landan, ko na banki. Da ka sauka ka yi rajista da likitan unguwa, ta nan ake shiga tsarin lafiyarsu na NHS, in abin gaggawa ne ka kira 999.

Maganar addini ba matsala, akwai babban masallaci a Whitechapel da Regent's Park cikin Landan, Birmingham da Bradford kuwa naman halal har sai ka zaɓa. Sai dai lokutan sallah suna yawo, a Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi magariba a Landan, a Yuni kuma rana na nan har bayan tara na dare, don haka ka riƙe jadawalin masallacin kusa da kai. Agogo ma suna canja shi a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, da zafi lokacinmu ɗaya da su, da sanyi mun riga su da awa guda, ka faɗa wa Hajiya a gida kar ta dinga tashinka da asubar fari.

In an ba ka shayi za ka ga madara kaɗan, suga wataƙila babu, ka nemi suga ba kunya. Masu tafiya da iyali kuma, a Sikotland da Wales doka ta hana dukan yaro kwata-kwata, ko ɗanka na cikinka ne, a Ingila ma in malamar makaranta ta ga shaida a jikinsa za ta kai rahoto.