Yadda na gyara zanen da ya ƙi haɗuwa

Zane uku na wani ƙarfe mai tsagi aka bayar, gaba da sama da gefe, a gano siffar ƙarfen. Duk yadda na haɗa, sai tsagin ya faɗo a baya, alhali zanen sama a gaba ya nuna shi. Na sake awo, na zargi layin ɗigo-ɗigo mai nuna ɓoyayyun sassa, duk a banza.

Ashe tsarin kusurwa ta farko ne, wato ɗaya daga cikin hanyoyin jera waɗannan zane-zane a takarda. Alamar mazurari da da'irori a akwatin bayani na ƙasan takardar ta nuna haka, da'irorin suna wajen babban bakin mazurarin. A wannan tsarin, abin da aka hango daga hagu a dama ake zana shi. Sai na ja layi mai digiri 45, na ɗauko zurfin daga zanen sama zuwa na gefe. Tsagin ya zauna daidai. Alhamdulillahi, hankalina ya kwanta.