Idan kwamfuta ta daskare bayan sabunta Windows

Salamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya kwamfutar tebur ta shagona da ke Sabon Gari ta sabunta kanta da daddare, da safe linzami (mouse) ya ƙi motsi, ga kwastoma a tsaye yana jiran takardunsa. Don Allah kada ku yi gaggawar goge komai, aikin mutane ne a ciki.

Ku danne maɓallin kunnawa har ta mutu, ku sake kunnawa, da tambarin Windows ya bayyana ku sake kashewa. Bayan sau biyu ko uku za ta shiga shafin gyara da kanta. Ku bi Troubleshoot, Advanced options, sai Uninstall Updates, ku cire sabuntawar ƙarshe. In babbar sabuntawa ce, kwana 10 kawai ake ba ku na komawa baya.

Tawa ma direban katin hoto ne, wato manhajar da ke sarrafa katin da ke fitar da hoto a allo, ya ƙi jituwa da sabon tsarin. Sai da na shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwa kawai, na mayar da tsohon direban ta Device Manager, wurin da ake kula da na'urorin kwamfuta, ta saki.

In ta ci gaba da daskarewa, ku buɗe akwatin kwamfutar ku duba fanka, ƙurar hunturun Kano ba ta da sauƙi. Kuma kada ku bari a ɗauke wuta tana tsaka da sabuntawa, ku jona ta a UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke.