Kurakuran da ake yi wajen tura fim ɗin baƙi da fari mai ƙaramin ISO

Tura fim shi ne a saita kyamara a lambar ISO (ma'aunin saurin kama haske na fim) da ta fi ta fim ɗin, sannan a ƙara masa lokaci a ruwan sinadarin wanki. Mutane da yawa suna zaton idan fim ya daɗe a ruwan wanki haske zai ƙaru a hoton. Ba ya ƙaruwa. Idan ka loda fim ɗin Ilford FP4 Plus mai ISO 125, ka saita kyamara a 500, to ka rage masa haske mataki biyu ke nan, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake buƙata kawai ya samu. Ƙarin lokacin wanki zai ƙara kauri a wuraren da haske ya taɓa sosai, ya ɗan ɗaga tsaka-tsakin, amma inuwar da ba ta sami komai ba haka za ta fito wayam. Ɗaga nagatif ɗin mai shayi da aka ɗauka da daddare ka duba ta fitila: kwan lantarki da butar sun yi baƙi ƙirin, rigar mai shayin da bencin kuwa babu alamarsu, sai leda zalla. A takarda hakan zai zama fari fat da baƙi wuluk, ba komai a tsakani.

Fim irin Pan F Plus mai ISO 50, Delta 100 ko T-Max 100 an yi su ne don santsi a haske mai kyau, kuma Pan F da ma tazarar baƙinsa da farinsa tana da yawa. Ni dai a ganina mataki ɗaya ya ishe su. Wanda ya san dare zai yi masa a wurin biki, ya sayi HP5 Plus ko Tri-X masu ISO 400, su ne ke jure turawa har 1600.

Sai zaɓen sinadarin wanki. Perceptol yana rage wa fim ƙarfi, Rodinal kuma yana fito da tsaki-tsaki kuma ba ya ceton inuwa. Microphen, Ilfotec DD-X ko Xtol sun fi dacewa. A bi lokacin da kamfani ya rubuta a takardar fim ɗin, a kuma rage yawan girgiza tanki don kada wuraren haske su toshe.

Mitar haske ma tana yaudara da dare. Da ta hango fitila a cikin hoto sai ta ɗauka wurin yana da haske, ta sake rage maka wani matakin ba ka sani ba. Matsa kusa ka auna fuskar mutumin ko inuwar da kake son a ga abin da ke cikinta, ka bar fitilar waje.

Lokutan wankin da ake bugawa galibi na ruwa mai digiri 20 ne. Ruwan famfo a Kano ko Damagaram cikin watan Afrilu ya wuce nan nesa, kuma sinadari mai ɗumi sauri yake yi, sai turawar ta zarce yadda aka nufa. A sanyaya da ƙanƙara, a auna kafin a zuba.

Naɗin fim ɗaya wanki ɗaya yake samu, saboda haka ba a sauya ISO a tsakiyarsa. Rubuta lambar ISO ɗin da ka ɗauka da ita a jikin gwangwanin fim ɗin da zarar ka cire, musamman idan wani zai wanke maka. Pan F kuma ba ya son ajiya bayan ɗauka, hoton dusashewa yake yi idan ya yi watanni a durowa.

Idan abin da za a ɗauka ba ya motsi, kamar ƙofar gari ko masallaci, ɗora kyamara a kan mai ƙafa uku ya fi turawa. Sai dai daga daƙiƙa ɗaya zuwa sama fim yana yin kasala, lissafin mita ba ya isarsa. A FP4 Plus, idan mita ta ce daƙiƙa 10, ba shi kamar 18. Fomapan 100 yana neman fiye da haka sosai, Acros na Fujifilm kuwa ba ya buƙatar ƙari sai an kai minti biyu.