Yadda ake sa wa motar Ford Mustang ta 1967 manyan rim da tayoyi

An sha tambayata, to ga shi.

1. Ƙirga notocin tayarka. Mai injin V8 (silinda takwas) biyar ne, faɗin da'irar da suke kai inci 4.5. Mai silinda shida kuwa huɗu ne, nan ake yawan yin sayen banza, a sayo rim ɗin da ramukansa ba su dace da notocin ba.
2. Auna sararin da ke tsakanin tsohuwar taya da jikin mota, ciki da waje.
3. Zaɓi rim. Na kamfani inci 14 ne. Ni dai ba na wuce 17.
4. Nemi taya mai gajeren gefe, don tsayin duka ya zo kusa da na da, kada mitar gudu ta riƙa yi maka ƙarya.
5. Sassauta notoci motar tana ƙasa.
6. Ɗaga ta da jak, ka tokare da ƙarfe. Kul ka dogara da jak kaɗai!
7. Gwada rim ɗaya a gaba tun ba a sa masa taya ba, domin da wuya ɗan kasuwa ya sake karɓar wanda aka riga aka ɗaura wa taya. Duba ko yana gogar birki.
8. In ya zauna, a sa tayoyi a daidaita nauyinsu.
9. Ɗaure notoci kana tsallake ɗaya-ɗaya.
10. Sauke motar, ka murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, kana sauraron gogayya.
11. Bayan kilomita 80, sake ɗaure notocin.